Babur yana shaƙewa ko yana mutuwa a hanya: bin matsalar mai daga tanki zuwa kafireto

Da yawa daga cikin baburan da ake turowa gareji a Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya da sunan kafireto, wato inda mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji, ya lalace, kafireton lafiyarsa ƙalau. Ko dai mai ne ba ya isa gare shi, ko man da ke zuwa akwai ruwa da datti a ciki, ko kuma iska ce ta toshe. Abin takaicin shi ne, da babur ya fara gardama sai mai shi ya ɗauko sukudireba ya hau murɗa notunan gefen kafireto. Daga nan matsala ɗaya ta zama biyu, ga ainihin ciwon yana nan, ga saiti ya ɓaci. Hanyar da ta fi sauƙi da arha ita ce ka bi mai yadda yake tafiya, daga murfin tanki har cikin inji, kada ka taɓa saiti sai ka tabbatar duk abin da ke gabansa lafiya yake.

Bayanin nan ya shafi baburan da suka cika titunan Zariya: Boxer, TVS, Haojue, Jincheng, dangin CG125 da 'yan roba-roba masu inji 110. Sabbin babura masu injekta ba su da kafireto, nasu aikin daban ne. Kayan da za ka buƙata ba su da yawa: sifanar fulogi, sifana mai lamba 8 da 10, sukudireba mai faɗi da mai kuros, kwalba fara mai tsabta, guntun tiyo wanda ake ganin cikinsa, da gwangwanin feshin wanke kafireto. A yi aikin a fili, nesa da murhu, sigari da janareta mai aiki. Kada kuma a bar inji yana aiki a rufaffen zaure, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Fara da fulogi

Kafin ka zargi mai, tabbatar akwai wuta. Buga kik sau biyar ko shida, sannan ka kwance fulogi. Idan bakinsa a jiƙe yake yana warin fetur, mai yana zuwa, watakila ma ya yi yawa. Idan a bushe yake ƙarau, mai ba ya isa inji. Mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin fulogin, ka sake buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙarar tas-tas ita ake so. Ja mai rauni, ko babu gaba ɗaya, to ka bar kafireto ya huta, ka koma kan fulogi, hula, kwayil da wayoyi. Tazarar bakin fulogi a yawancin waɗannan ƙananan injuna milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Launin bakin ma yana ba da labari. Ruwan ƙasa mai haske, haɗin mai da iska daidai yake. Baƙi mai busasshen kunkunniya, mai ya fi iska yawa. Fari fat, iska ta fi mai yawa, kuma injin yana cin zafi. Baƙi mai maiƙo yana ƙyalli, wannan baƙin mai ne ke hawowa ta ringi ko ta robar bawul, babu wankin kafireton da zai magance shi.

Murfi, famfo da tiyo

A waɗannan baburan babu abin da ke tura mai, nauyinsa ne kawai ke gangaro da shi. Kafin ya gangaro kuwa dole iska ta shiga tanki ta maye gurbinsa, ta wata 'yar ƙofa da ke jikin murfi. Ƙura da tsatsa kan toshe ta. Alamar ba ta ɓuya: babur ya tashi lafiya daga Samaru, kafin Kwangila ya fara jan numfashi kamar mai ya ƙare, ya mutu. A jira minti biyar ya sake tashi. Da ya mutu, kara kunnenka ka buɗe murfin. Idan ka ji iska ta yi fuuu ta faɗa ciki, ka kama ɓarawon. Wanke murfin da fetur, ka hura masa iska.

A kula, kwayil mai mutuwa idan ya ɗau zafi shi ma haka yake yi. Bambancin shi ne a gwada wuta nan take, tun injin yana da zafi. Idan babu wuta a lokacin amma ta dawo bayan ya huce, ba maganar mai ba ce.

Sai famfon mai. Rufe shi, zare tiyo daga jikin kafireto, ka sa bakinsa a kwalba, ka buɗe. Mai ya riƙa zuba zuu ba yankewa, a ON da kuma a RES, wato man ajiya. Idan ɗiga yake yi, bi baya ɗaya bayan ɗaya: filtar da ke tsakiyar tiyo, ɗan kofin da ke ƙarƙashin famfo idan naka yana da shi, da ragar da ke cikin tanki a saman famfon. Filta ba ta da tsada, canza ta ya fi wanke ta, kuma tana da kibiya da ke nuna inda mai zai bi. Duba tiyon kansa ko ya lanƙwashe a ƙarƙashin tanki. Tsohon tiyo yakan bushe ya riƙa zubar da ɓurɓushin roba a ciki, baƙaƙen ɗigon da ake gani a kofin kafireto sau da yawa daga nan suke. Kuma tiyon mai daban yake da na ruwa, wanda ba na mai ba fetur yana cinye shi.

Wasu 'yan roba-roba ba su da famfon hannu. Nasu yana da tiyo biyu, siririn yana zuwa wuyan inji, zuƙar inji ce ke buɗe mai. Irin wannan ba zai zuba ba sai ana buga kik. Idan siririn tiyon ya tsage ko ya zare, mai ba zai sauko ba ko tanki a cike yake.

Ruwa da gurɓataccen mai

Nan ya kamata a daɗe, domin daga Yuli zuwa Satumba wannan ne ciwon da ya fi yawa. Ruwa yana shiga ta robar murfin da ta mutu, ta wurin wankin babur da injin feshi, ko ya zo tun daga jarkar da aka saya. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki da gindin kofin kafireto, daidai inda babban jet, ɗan notin tagulla mai siririn rami da mai ke bi, yake zuƙa. Shi ya sa babur zai yi sulo lafiya, wato inji na aiki ba a ja totur ba, amma da ka ja totur sai ya yi tari ya shaƙe. Shi ya sa kuma wani babur ba ya nuna komai sai ranar da aka juya shi RES, saboda RES daga can ƙasan tanki yake ɗiba.

A ƙasan kofin kafireto akwai noti na zubar da mai. Rufe famfo, tara kwalba a bakin tiyon da ke ƙasa, sassauta notin. Ajiye kwalbar minti biyu ka ɗaga ta a haske. Ruwa zai fito a ƙasa kamar ƙwallaye masu gangarawa idan ka karkata kwalbar. Tsatsa kuma ja ce, kamar garin bulo. Idan ka ga ko ɗaya, zubar da na kofi kawai ba ya wadatarwa, gobe zai dawo. A sauke tanki, a juye shi duka, a ɗauraye da fetur mai kyau. Tankin da tsatsa ta kama sosai a zuba masa 'yan notuna da kananzir a girgiza, a ƙirga notunan kafin a zuba da bayan an juye, a bar shi ya bushe sarai, sannan a sa sabuwar filta.

Man da aka gauraya da kananzir ko gas wani abu ne daban. Babur zai yi wuyar tashi da safe, ya yi hayaƙi mai wari, ya riƙa ƙwanƙwasa idan an ɗora masa kaya. Ɗiga kaɗan a kan farar takarda: fetur mai kyau yana bushewa da sauri, gaurayayye yana barin tabon maiƙo. Ba duka 'yan bumburutu ne ke algus ba, kuma gidan mai ma ba ya kuɓuta, kowa ya tuna fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022. Abin lura dai, idan gardamar ta fara ne jim kaɗan bayan shan mai, juye man kafin ka kwance komai. Kada a zuƙo shi da baki, fetur a huhu babbar illa ce.

Iyakilina

Inji yana buƙatar iska wajen ninki goma sha biyar na nauyin man da yake ƙonawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga hazo ga ƙurar hanyoyin ƙauye, soson iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga kafireto, yana toshewa cikin ɗan lokaci. Idan iska ta ragu, kafireto sai ya zuƙo mai fiye da kima: baƙin hayaƙi, fulogi baƙi, shan mai, babu ƙarfi a sama. Mai soso a wanke shi da kananzir, a matse a tafin hannu ba a murɗe ba, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai sabo kaɗan a matse rarar. Man nan shi ke kama ƙura, busasshen soso rabin aiki yake yi. Mai takarda ba a wanke shi kuma ba a sa masa mai, kakkaɓewa ake yi ko a canza.

Masu cire soson gaba ɗaya don babur ya ƙara gudu suna yi wa kansu ɓarna biyu. Haɗin ya koma iska zalla, ƙura kuma ta wuce kai tsaye ta ci ringi da silinda.

Cikin kafireto

Idan wuta tana nan, mai yana zuba, ba ruwa, iska a buɗe, yanzu ne aka zo kan kafireto. Kafin ka kwance, gane wane sashe ne ke ciwo, domin hanyoyin mai uku ne a ciki kuma kowace da inda take aiki. Daga sulo zuwa kwatan totur ƙaramin jet ne da notin iska. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce, wadda ke maƙale a fistan ɗin da kebur ke ɗagawa. Daga nan zuwa ƙarshe babban jet ne. Baburin da ba ya tsayawa a sulo sai an riƙe masa totur, ko ba ya aiki sai da cok, kusan kullum ƙaramin jet ne, don raminsa ya fi kowane ƙanƙanta. Wanda ke lafiya a cikin gari amma ya ƙi ja a titin Kaduna, babban jet ne, ko mai ba ya cika kofi da sauri.

Akwai gwaji mai sauƙi. A daidai inda yake gardamar, ɗan ja cok kaɗan. Idan ya gyaru, mai ne ya yi masa kaɗan. Idan ya ƙara muni, mai ne ya yi yawa.

Wajen kwancewa, rufe famfo, zubar da na kofi, ka goge jikin kafireton kafin ka buɗe shi. Kwance murfin sama, fistan da allura su fito tare da kebur, ka rataye su inda ba za su taɓa ƙasa ba. Yi aikin a kan faranti ko farin ƙyalle. Notunan kofi suna da laushi, danna sukudireba sosai kafin ka juya. Zare ƙusar da ke riƙe fulota, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kofi, fulotar ta fito da 'yar allurarta mai bakin roba. Sannan ka kwance jet biyu, da bututun da babban jet ke ɗaure a kai, wanda ke da ƙananan ramuka a gefe. Notin iska kuwa, kafin ka cire shi, ɗaure shi a hankali har ya zauna kana ƙirga zagaye, ka rubuta. A bayansa akwai sifirin, wani lokaci da 'yar wasa da zoben roba, su ne suka fi ɓata.

Fesa maganin wanki a kowace ƙofa ka ga ya fito ta ɗaya gefen, sannan a bi da iska. Iskar mai faci ta wadatar, amma sai an cire fulota. Ɗaga kowane jet a rana, ramin ya fito zagaye tas. Wanda ya ƙi buɗewa a jiƙa shi, a zura masa silin waya ɗaya na tagulla daga wayar lantarki. Allurar ɗinki da wayar burki haramun ne a nan. Jet tagulla ne, ƙarfe yana faɗaɗa shi, faɗin da ido ba zai gani ba ya isa ya sa babur shan mai har abada. Kafireton da ke da faifan roba a samansa, a ɗaga faifan a haske a nemi huda, kuma kada feshi ya taɓa shi. Wajen mayar da fistan, tsagar da ke jikinsa ta hau kan 'yar ƙusar da ke cikin ramin. Idan bai sauka har ƙasa ba, babur zai tashi da ihu.

Zubar mai ta ƙasa

Aikin fulota ta rufe mai idan kofi ya cika, kamar ƙwallon da ke cikin tankin ruwa na sama. Idan mai yana tsiyaya ta tiyon ƙasa, rufewar ce ba ta yi. A hanya, rufe famfo ka bar inji ya shanye na kofi, ka buɗe kana ɗan ƙwanƙwasa kofin da ƙotar sukudireba, sau da yawa ƙwayar dattin takan wuce. Idan ya ci gaba sai an buɗe. Girgiza fulota a kunne, idan ka ji mai a ciki ta huje. Duba bakin robar allurar, idan zobe ya fito a jikinsa ya cinye, canji ne. Duba siririn bututun tagullar da ke tsaye cikin kofi, yakan tsage. Bayan ka haɗa, sa tiyo mai tsabta a mashigar mai ka hura: a tsaye iska ta wuce, idan ka kifa kafireton ta tsaya cak.

Don ganin tsayin mai, sa tiyon nan mai haske a bakin mazubar ƙasa, ka lanƙwaso shi sama a gefen kafireto, babur a tsaye kan babban jak, ka sassauta notin. Man zai tsaya a tiyo daidai yadda yake a kofi, kuma a yawancinsu ana son sa ɗan ƙasa kaɗan da layin da kofi ya haɗu da jiki. Fulota mai harshen ƙarfe ana lanƙwasa harshen kaɗan-kaɗan. Wadda duk roba ce ba ta saituwa.

Wannan zubar ba ƙaramin abu ba ne. Babur ne da ke kwana a zaure, wani lokaci kusa da inda ake girki. Kuma man yakan gangara cikin inji ya tsinka baƙin mai. Idan ka zaro ma'auni ka ga ya ƙaru yana warin fetur, juye shi kafin ka tayar. Rufe famfo duk dare yana hana duka biyun.

Iskar sata

Wuyan da ya haɗa kafireto da inji, idan robarsa ta tsage ko fakin da ke toshe mahaɗar ya mutu, iska tana shiga ta bayan fage. Za ka saki totur inji ya ƙi sauka da wuri, sulo ya riƙa hawa da sauka, salansa tana harbi. Bar shi a sulo ka ɗan fesa maganin wanki a mahaɗar, kaɗan, nesa da salansa da hular fulogi. Idan ƙarar ta canza, nan ne. A Jincheng mai cin baƙin mai tare da fetur, robobin gefen karanshaf ma suna kawo haka.

Saiti

Sai yanzu. Zagaya da babur minti goma ya yi zafi, cok a kashe. Ɗan ƙara notin sulo, wanda ke tokare fistan, don kada ya mutu. Mayar da notin iska inda ka ƙirga, idan ba ka sani ba fara daga zagaye ɗaya da rabi. Juya kwata-kwata, kana jiran daƙiƙa goma sha biyar bayan kowane juyi, har ka sami inda ƙarar ta fi tashi kuma ta fi daidaita. Sannan ka sauke sulo zuwa wajen juyi 1,400 zuwa 1,500 a minti, inda inji ke bugawa a natse ba ya neman mutuwa. Ka san irin notin da ke gabanka: wanda ke ɓangaren iyakilina iska yake ƙarawa idan an sassauta, wanda ke ɓangaren inji mai yake ƙarawa. Kada a ɗaure shi da ƙarfi, bakinsa siriri ne yana karyewa a ciki. Idan sai da ka wuce zagaye uku ya daidaita, ko juyawar ba ta canza komai, akwai sauran toshiya ko iskar sata. Totur ya kasance da wasan milimita 2 zuwa 6, ka juya kan babur hagu da dama, sulo kada ya motsa.

Allurar da ke da gaɓa biyar, na tsakiya ne mazauninta na asali. Sauke ɗan makullin da ke riƙe ta a gaɓa zuwa ƙasa yana ɗaga allura ya ƙara mai, hawar da shi sama yana ragewa. Gaɓa ɗaya ake matsawa a gwada.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, abin da makanikai suka fi ji daga bakin 'yan acaɓa shi ne, Oga a rage masa sha. Kuma suna da gaskiya, kuɗin mai ya ci ribar sana'ar. Amma yadda ake yin ragin ne ke da haɗari: a sauke allura har ƙarshe, a danne fulota, a sa jet ƙarami, wasu har silin waya suke bari a cikin babban jet. Waɗannan injuna iska ce kaɗai ke sanyaya su, kuma man da ke shiga yana taimakawa wajen rage zafin. Ka ƙuntata masa mai, ka ɗora buhuna biyu na masara daga Giwa a zafin Afrilu, abin da zai biyo baya bawul ya ƙone ko fistan ya kama. Kuɗin buɗe inji ya ninka abin da aka tara. Shan mai na gaskiya yawanci yana wajen taya mara iska, burki mai kamawa, busasshiyar sarƙa, soso mai datti, da fulota mai zuba.

Idan an yi duk wannan babur bai daina wuyar tashi da mutuwa a sulo ba, a auna bawul inji yana sanyi. Wajen milimita 0.05 ne a masu inji 110, 0.08 a dangin CG125, sauran a duba littafin babur ɗin. Bawul da ya matse yana kwaikwayon ciwon kafireto sak. Kik ɗin da ke sauka ba nauyi kuma alamar ringi ne.

Sabon kafireto sai idan fistan ɗin kafireton yana kaɗawa a raminsa, ko zaren noti ya cinye, ko jikin ya tsage. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, a gwada faɗin bakinsa, tazarar notunan wuya da irin cok ɗinsa. Masu inji 110 galibi mai milimita 19 suke ɗauka, CG125 mai 26, kuma babba ba ya ƙara wa ƙaramin inji ƙarfi, sai dai ya ɓata masa sulo. Karanta lambar da ke jikin jet ɗin sabon ka kwatanta da ta tsohon. Idan sun bambanta kuma zarensu ɗaya, mayar da na asalin, sannan ka sake duba launin fulogi bayan tafiyar kwana biyu.